Masu maganin gara da takardarsu ta garanti: abin da na gani a gidana cikin shekara biyu

Ba a jikin bango na fara ganin gara a gidana ba, a cikin akwatin mahaifina na gan ta, Allah ya jiƙansa. Akwatin katako ne, yana ajiye a ƙasa a soron Inna tun rasuwarsa, ciki akwai littattafansa na karatu da takardar cinikin gonarmu ta fadama. Bayan daminar 2022, wadda ambaliya ta yi mana ɓarna a nan yankin Ringim, Inna ta ce in ɗauko mata takardar nan. Ina ɗaga murfin sai ƙasa ta zubo. Gindin akwatin ya zama kamar ɓawon gyaɗa, littattafan sun manne da juna da jar ƙasa, in ka buɗe shafi sai ka ga hanyoyi a ciki kamar an bi da tsinke. Takardar gona rabinta ya tafi, har da wurin da shaidu suka sa hannu. Inna salati kawai ta yi, ta juya fuska. Har yau in na tuna ranar sai raina ya ɓaci.

Gidan ɗaki 4 ne na bulo da rufin kwano da na gina a 2018, sai tsohon soron ƙasa da Inna ta ƙi bari. Lokacin rufi na sayi katako mai araha daga Na'ibawa, irin farin nan mai laushi, kafinta ya ce a shafe shi duka da baƙin mai ko a sayi Solignum, ni kuwa kuɗi sun ƙare, rabi kawai aka shafa. Azarar giginya da ke soron Inna ta girme ni, amma da kyar gara ta laso ta. Katakona na shekara huɗu shi ta zauna a kai.

Na yi duk abin da ake yi a ƙauye. Na barbaɗa toka, na zuba kananzir, na sayo fiya-fiya a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Daga baya na kira wani mai yawo da tanki a baya, ya feshe bango ciki da waje, muka kwana uku muna tari, yara suna kuka da idanu. Ba a yi wata ɗaya ba sai ga sabuwar hanyar ƙasa tana hawa bayan sif ɗin maiɗakina. Na nemi mutumin, lambarsa ba ta shiga. Yanzu na san dalili. Garar da kake gani a bango 'yan aiki ne kawai, gidansu yana can ƙarƙashin ƙasa, kuma uwarsu tana zuba ƙwai dubbai a kowace rana. Fiya-fiya tana kashe wanda ta taɓa, sannan iska ta kwashe ta.

Wani abokina duba-gari ne ya haɗa ni da wani kamfani a Kano. Abu biyu ya ce in tambaya kafin in ba da ko sisi: lasisinsu na hukumar da ke kula da masu aikin tsaftar muhalli, da lambar NAFDAC a jikin robar maganin. Ya kuma ja min kunne cewa duk wanda ya zo da magani a gorar ruwa, ko ya ambaci gamalin, in sallame shi, domin an daɗe da haramta gamalin. Sun turo min hoton lasisin ta WhatsApp, muka sa rana cikin watan Fabrairun 2023.

Dubawar da suka yi ita ce ta fi burge ni a cikin aikin gaba ɗaya, kuma ita ce na fi jin kuɗina bai tafi a banza ba. Mutum biyu ne, dattijo da yaronsa. Suka tsaya a zaure sai da na shiga na sanar da mata. Ba su zo da tanki ba ranar, tocila ce da sukundireba da tsani da littafin rubutu. Dattijon ya fara da firam ɗin ƙofa, yana ƙwanƙwasawa da gindin sukundireba yana kasa kunne. Wani wurin ya yi ƙara mai ƙarfi, wani wurin ya amsa kamar ganga.

"Malam, matso ka ji," in ji shi. Ya danna bakin sukundireba a wurin da fenti yake lafiya lau, sai ƙarfen ya nutse har rabi. "Ka gani? Daga ciki take ci, ta bar maka fatar. Ba ta son rana, ba ta son iska."

Yaron ya hau cikin silin ya yi kusan rabin awa, ya sauko jikinsa duk ƙura da guntun katakon rufi a hannu. Na matse shi da yatsu biyu ya ruguje. Katako 7 ne suka ce sun tashi daga aiki, duk a ɓangaren da ba a shafa wa mai ba. A bayan sif dattijon ya karya hanyar ƙasar nan kamar tsawon ɗan yatsa, ya ce in duba da safe, in an ɗinke wurin to garar tana nan da ranta. Da asuba na haska tocila, an ɗinke tsaf, ƙasar ma ɗanya ce.

Sai ya fita tsakar gida, a nan ne ya nuna min abubuwan da nake wucewa kullum ban taɓa kula ba. Kututturen darbejiyar da na sare lokacin gini na bar saiwarsa a ƙasa, taku uku daga bango. Randar Inna da ke tsattsafo a gindin soro dare da rana. Itacen girki da daman kara da muka jingine da bangon ɗakin yara. Rariyar banɗaki da ta fashe tana jiƙa fandisho. Ya ce laima da itace su ne abincinta da ruwan shanta, mu kuma mun ajiye mata su a bakin ƙofa. Bayan danga, cikin gonar maƙwabcina, ga suri ya kai ƙugu. Duk wannan ya zana taswirar gidan a takarda, ya sa jan biro a kowane wuri, ya ba ni kwafi. Da Inna ta tambaye shi ko soronta zai faɗi, sai ya rusuna ya ce, "Hajiya, azararki ta fi katakon Malam lafiya. Bangon ne dai sai an riƙa sa ido." Ban ji ya tsorata mu don ya ƙara kuɗi ba, kuma wannan ya sa na yarda da shi.

Aikin kansa kwana biyu ya ɗauka. Sun haƙa ɗan rami zagaye da ginin, faɗi da zurfi kamar santimita 15, suna zuba magani suna mayar da ƙasar suna ƙara jiƙa ta. Inda akwai daɓen siminti suka huda da injin da suka zo da shi, tazarar kusan santimita 30 tsakanin rami da rami, suka tura maganin ciki suka liƙe. Fipronil aka rubuta a jikin robar, na duba lambar NAFDAC da idona. Aikin yana shan ruwa sosai, kuma ba su faɗa min tun farko cewa ni zan kawo ba, sai da na ɗauki amalanke tana jigilar duro daga tuƙa-tuƙa, na kuma yi hayar janareta. Wannan kuɗi ne da bai shiga lissafina ba. Ɓangaren da ke kusa da rijiya kuwa sun ƙi zuba komai a ƙasa, suka ce sai dai a canza katakon wurin a shafe shi. Kaji da awaki muka kulle su har ƙasa ta bushe, kuma suka ce kada a wanke tankin kusa da kududdufi, maganin yana kashe kifi da ƙudan zuma.

Inna ba ta gamsu ba da farko, saboda babu wari. Ta ce maganin da ba ya hawa kai ina zai kashe gara? Washegari ma mun ga garar tana yawonta. Dama dattijon ya ce haka za a gani: garar ba ta jin maganin, sai ta ratsa ta cikinsa ta kwasa a jikinta ta kai wa 'yan uwanta. Bayan kamar mako uku na karya hanyar bayan sif, babu komai ciki, kuma ba a sake ɗinke ta ba. Surin ma, da izinin maƙwabcina, an fasa shi aka zaƙulo uwar, fara sol, ta fi babban yatsana kauri, kaji suka yi ta wawaso a kan 'ya'yan. Amma mutumin ya gaya min kada in ɗauka shi ke nan, wani lokaci sukan naɗa wata uwar, kuma ba lallai daga surin nan kaɗai suke zuwa ba.

To, maganar garanti, a nan ne nake da ƙorafi. Da baki dattijon ya ce min, "In ta dawo, mu ne da alhaki." Ni abin da na fahimta shi ne in ta sake cin katako su za su biya. Takardar kuwa shafi biyu ce da Turanci, ƙananan rubutu, na sa hannu a tsaye ana kiran sallar la'asar. Sai da dare na zauna na karanta ta a tsanake. Shekara 3 suka ba ɗakunan bulo, soron Inna shekara 1 kacal, saboda bangon ƙasa gara tana iya hawa ta cikinsa ba tare da an ga hanyarta ba. Wannan na yarda da shi, gaskiya ce. Amma abin da suka ɗauka shi ne sake zuba magani kyauta, ban da gyaran abin da ta ci. Sannan garantin yana faɗuwa in na haƙa ƙasar da aka zuba wa magani, ko na jingina sabon gini, ko na bar ruwa yana kwanciya a gindin bango, ko na tsallake dubawar shekara-shekara, wadda ita ma da ɗan kuɗinta. Ba ƙarya suka yi min ba, komai yana rubuce. Amma mutumin da ya ɓata awa biyu yana nuna min rariya da kututture, minti biyar ya ishe shi ya fassara min sharuɗɗan nan da Hausa. Mutane nawa ne a ƙauyenmu za su iya karanta irin wannan takarda?

Ta kuwa dawo. A watan Agustan 2024, ruwa yana tsakiyar zuba, maiɗakina ta ga ƙasa a gindin firam ɗin ɗakin yara. Na kira a ranar, na tura hoto. Aka ce gobe, aka ce jibi, aka ce hanya ta lalace. Kwana 16 na ƙirga kafin su zo, ni kuma kullum ina kallon hanyar tana ƙara tsawo, don sun ce kada in taɓa kada in zuba komai. Da suka zo sun yi aiki mai kyau, sun gano indararo ne yake zubar da ruwa a daidai wurin har ya zaizaye ƙasar da aka yi wa magani. Da sun ga dama sai su ce sharaɗin ruwa ya karye, amma ba su ce ba, suka sake huda wurin suka zuba, ba su karɓi kuɗin magani ba. Kuɗin motarsu daga Kano ni na biya, firam ɗin ma ni na canza, wannan karon na ƙarfe na sa. Akwai kuma ɗan shagon da na jingina da katangar waje bayan aikinsu, shi kam sun ce ba ya ciki, na biya daban.

Duka-duka abin da na kashe, da kuɗinsu da ruwa da janareta da sabon katako da ladan kafinta, ya kusa kuɗin bijimi matsakaici a lokacin. Ba ƙaramin abu ba ne ga malamin firamare. Ban yi nadama ba, domin rufin ɗaki 4 ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma dubawa biyu da aka yi bayan nan ba a sami komai a cikin silin ba. Wanda gidansa duka na ƙasa ne da rufin kara, ban ga zai mori cikakken aikin ba, garantin gajere ne. Gara ya biya kuɗin dubawa kaɗai, ya gyara abin da aka nuna masa, ya ɗora rumbu da akwatuna a kan duwatsu. Wanda kuma yake shirin gini, ya kira su kafin a zuba daɓe, dattijon da kansa ya ce aikin ya fi sauƙi da araha a lokacin, tunda ba sai an huda siminti ba. Ƙanena da ke gini yanzu haka ya yi, kuma na tsaya sai da aka karanta masa takardar layi-layi, aka rubuta da biro a ƙasa kwana nawa za su ɗauka kafin su zo in an kira, da wanda zai biya kuɗin mota.

Bana da ruwan farko ya sauka, shinge ya cika fitilar tsakar gida, yara suna ta kamawa suna zubawa a kwanon ruwa. Da gari ya waye na bi gindin tagogi da bayan ƙofofi ina neman fukafukai, don an ce min in aka gan su da yawa a cikin ɗaki to daga ciki suka fito. A waje kawai na same su. Ragowar littattafan Baba suna cikin akwatin ƙarfe a kan bulo huɗu, takardar gona kuma mai gari da dattawa sun sake rubuta mana. Wa'adin garantin da suka ba ni zuwa Fabrairun 2026 ne, na kuma gaya musu zan sabunta na ɗakunan bulo, amma da sharaɗin su kawo takardar da Hausa.