Hattara da masu "tantance" tsofaffin kwabbai a Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda yake da tsoho a gida mai ajiyar kuɗin da a gwangwani ko ƙasan adaka, don Allah ya karanta masa wannan.

Kawuna tsohon ma'aikacin reluwe ne, yana zaune a Tudun Wada. Yana da wani gwangwanin madara cike da kwabo mai huji, anini, taro, sisi, sulalla masu kan Sarauniya na 1959, da wasu manyan azurfa biyu masu hoton Maria Theresa, mai mulkin Ostiriya a da can, da ya gada daga mahaifiyarsa. Wata biyu da suka wuce wani matashi ya same shi a majalisarsu bayan La'asar, ya ce shi wakilin kamfanin tantance tsofaffin kuɗi ne na Amurka. Yaron tsaf-tsaf, ga ladabi, har ƙasa yake gaisuwa. Da Kawu ya fito da gwangwanin, sai ya sa farar safar hannu, ya zaro gilashi irin na masu gyaran agogo, ya ɗora azurfar a ɗan sikeli, ya yi shiru kamar an yi mutuwa.

"Baba, ka kuwa san abin da kake kwana a kai? Wannan furuf ne. Dubi shekarar, 1780. Akwai mai saye a Dubai, miliyoyi zai biya. Sai dai ba ya karɓa sai an tantance an ba shi maki."

Daga nan aka fara. Kuɗin tantancewa naira dubu 45 kowane ɗaya, ya tafi da azurfa biyun da sule guda. Bayan mako biyu aka turo hoton takarda ta WhatsApp, an ci maki 70, saura dubu 80 na inshora. Kawu ya sayar da ragon da yake kiwo don layya. Sai kuma aka ce kaya sun maƙale a kwastan, a kawo dubu 120. A nan ne ya zo wurina rance, yana magana ƙasa-ƙasa, domin an gargaɗe shi kada ya gaya wa kowa, wai 'yan uwa za su yi masa hassada.

Na ce, "Kawu, nuna mini takardar." Tambarin sanannen kamfani ne a kai, na gaske, amma da na shiga shafinsu na saka lambar da ke jiki, babu ita.

Abin da ya sa wannan damfara take cin mutane shi ne rabinta gaskiya ce. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. Manyansu biyu ne, dukansu a Amurka: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC a 1987. Suna duba kuɗi su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi cikin wata roba mai ɗauke da lamba. Iyakar aikin tantancewa ke nan. Ba sa aiko yaro majalisa, makin ba ya zuwa da mai saye a Dubai, kuma ba a biyansu ta asusun wani mutum a shagon POS. Ana aika musu ne ta hanyar yin rajista da su, ko ta dillalin da sunansa yake cikin jerin da ke shafinsu.

Shi kuma furuf ba tsufa ba ne, salon bugu ne. Gidan buga kuɗi ke yin sa musamman don masu tarawa: a goge hatimin bugun, a goge ƙarfen, a buga shi sau biyu ko fiye, har bayansa ya zama kamar madubi, zanen ya fito raɗau. Cikin akwatinsa yake fitowa, ba ya shiga kasuwa. Sulen da ya sha hannun masu goro da 'yan tireda a kasuwar Sabon Gari, har kan Sarauniya ya shafe, ba ya cikin wannan lissafi. Maki 70 kuwa na wanda ko ƙwarzane ɗaya ba a gani a jikinsa ne, ko da an sa gilashi.

Batun 1780 shi ya fi ba ni haushi. A shekarar Maria Theresa ta mutu, kuma duk irin wannan azurfa da aka buga bayan nan 1780 ake rubuta mata, har wadda ake bugawa a Ostiriya a zamaninmu. An buga ɗaruruwan miliyoyi, fatake suka shigo da su ƙasar Hausa, mata suka yi ado da su. Nauyin kowace kusan giram 28 ne, kuma galibi darajarta ita ce ta azurfar jikinta. Ba banza ba ce, amma maƙerin azurfa zai gaya maka kuɗinta cikin minti biyu, kyauta.

To idan mutum yana da furuf na ainihi fa, a ce ya sayo a Ingila da akwatinsa da takardarsa, ya kai a tantance? A ganina yawanci bai cancanta ba. Da dala ake biyan kowane ɗaya, ga kuɗin aikawa da dawowa, ga inshora. Furuf na zamani kusan duk da kyau suke fitowa, masu maki 69 sun yi yawa, sau tari kuɗin tantancewar ya fi abin da makin zai ƙara. Sai fa in kuɗin mai wuyar samu ne ƙwarai, ko kana shakkar jabu ne, kuma ka riga ka ga nawa irinsa ya kama a gwanjo.

'Yan damfarar nan suna da wata ƙafar ma. A rukuninsu na WhatsApp suna tallan kuɗi cikin roba, wai a saya a ajiye kamar gwal. Ana yin jabun robar, har ana kwafo lamba ta gaske a manna. Don haka ganin lambar a shafin kamfani bai isa ba; in akwai hoto a can, a gwada shi da abin da ke hannu.

Kuma don Allah kada a goge. Yaron ya ce wa Kawu ya wanke sauran da toka da lemun tsami kafin ya dawo. Masu tarawa ba sa son gogaggen kuɗi, masu tantancewa ma rubutawa suke an goge, farashi ya faɗi.

Mun kai rahoto wurin 'yan sanda da hotunan rasit, mun kuma sanar da banki. Wanda aka yi wa irin haka zai iya kai ƙara ofishin EFCC a Kaduna. Lambar yaron a kashe take tun ranar da na kira na ce a haɗu a Kwangila in kawo kuɗin da hannuna. Na ji an ga mai irin kamanninsa wajen Samaru yana tambayar gidajen tsofaffin ma'aikata.

Jiya na leƙa Kawu. Bai yi zancen ragon ba, bai yi zancen kuɗin ba. Ya zazzage gwangwanin a tabarma, kwabbai sai ƙyalli suke sun sha toka, ya ce, "Azurfar Inna ce kawai. A wuyanta na san su tun ina yaro."