Fawa ce ko bod? Amsa ga mai tsohuwar kwamfuta Pentium 4

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ka ce kwamfutar Baba ta shagon bugun takardu a Samaru, idan an kunna fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, kuma wani mai gyara a Sabon Gari ya ce fawa ce (akwatin da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta), wani ya ce bod (babban faifan da ake jona duk kayan a kansa). Alamar ɗaya ce, amma ganowa da gyaran sun sha bamban. Kafin komai, don Allah cire had dis ɗin ka ajiye gefe. Takardun Baba na ciki, kuma ana iya kwashe su ta adaftar da ke haɗa had dis da USB ko da injin bai tashi ba.

Fawa ta fi saukin bincike. Zare filoginta daga bod, ka haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun waya, sannan ka sa mitar awon bolt. Waya ruwan ɗorawa ya kamata ta ba ka bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, kuma kada su kauce fiye da kashi 5 cikin ɗari. In 12 ta sauka ƙasa da 11.4, ka sami mai laifi. Sai dai mita na iya nuna lafiya alhali fawar na durƙushewa idan an ɗora mata kaya, shi ya sa na fi yarda da aro wata mai aiki a gwada. A tabbata tana da ƙaramin filogin nan mai baki huɗu, Pentium 4 ba ta tashi sai da shi. Dubi bayanta kuma: tokumbo daga Amurka kan zo da ɗan jan makunni na 115 da 230, namu 230 ne. Fawa ba na ba da shawarar buɗe ta, manyan kafasitocinta (’yan gwangwanayen da ke tara wuta) na riƙe wuta bayan an cire soket. Sauya ta kawai.

Bod kuwa da ido ake fara duba shi. Injinan da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 da yawa sun zo da kafasitoci masu gurɓataccen ruwa a ciki. Haska fitila kusa da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar): lafiyayye kansa a shafe yake, mara lafiya ya kumbura kamar masa ta tashi, wani har ya tsatso wani abu ruwan ƙasa da ya bushe a kai. Irin wannan injin yakan yi ta saƙewa yana kashe kansa tun kafin ya daina tashi, ka tambayi Baba ko haka aka yi. Cire ram (siraran katunan memori da ke soke a bod) gaba ɗaya ka kunna, in bod yana da ƙaramar sifika kuma ya yi ƙara, da sauran rai. Goge haƙoran ram da magogin fensir, ƙurar hunturun Zariya ita kaɗai kan hana hoto fitowa.

A nan ne nake cewa a gyara, kada a jefar. Sabon kafasita ya zo da lambar ƙarfi (wadda ake rubuta µF a gefenta) irin ta tsohon, bolt daidai ko sama, mai jure zafin digiri 105, kuma a kula da zanen gefensa, shi ne ƙafar nagetif. Aikin na son ƙarfen dalma mai zafi sosai da hannun da ya saba, don bod hawa-hawa ne a ciki. Mai gyaran talabijin na da ya fi iya shi.

Fara da fawar aro. In kwamfutar ta tashi, ka huta. In ba ta tashi ba, turo mana hoton kewayen furosesa mu gani.