Bitar shafin lernu.net: koyon nahawun Esperanto daga tushe

Na shafe watanni ina bin darussan Esperanto a shafin lernu.net, wanda aka buɗe a shekarar 2002 domin koyar da wannan harshe kyauta, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake sa ɗalibi ya fara gina kalmomi da kansa tun kafin ya haddace masu yawa. Likitan ido L. L. Zamenhof ne ya tsara Esperanto, ya fitar da ɗan littafinsa na farko a birnin Warso, da ke ƙasar Poland a yau, a 1887 tare da ƙa'idojin nahawu 16, da burin a samu harshen da al'ummu za su haɗu a kansa ba tare da wata ta fi wata gata ba. Babban darasin shafin yana tafiya ne bisa labari mai ci gaba, ana jin furuci daga bakin masu karatu, kuma duk kalmar da aka danna, ma'anarta za ta bayyana nan take. Akwai ƙamus da sashen nahawu na daban ga mai son zurfafawa.

Darussan farko ba su da wuya. Kowane suna yana ƙarewa da -o, sifa da -a, bayanau da -e, don haka daga tushe ɗaya ake samun bono (alheri), bona (mai kyau) da bone (da kyau). Aikatau ba ya sauyawa saboda mai yin aiki, lokaci kawai yake nunawa: lernas ana koyo yanzu, lernis an koya, lernos za a koya. Jam'i kuma harafi ɗaya ne tak, wato -j, abin da duk wanda ya taɓa ƙoƙarin bayyana wa baƙo dalilin da ya sa gida ya zama gidaje, littafi ya zama littattafai, akuya kuma ta zama awaki, zai san girman sauƙinsa.

Inda shafin ya fi cancantar yabo shi ne ɓangaren ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ɗafin da ake liƙa wa farkon kalma ko ƙarshenta, domin yana shigo da su kaɗan-kaɗan a cikin jimloli na gaske, sannan ya bar ɗalibi ya cinki ma'anar kalmar da bai taɓa gani ba. A nan ne na ga cewa Bahaushe ya zo da guzurinsa. Mu ma daga karanta muka samo makaranta, kamar yadda lerni (koyo) ya haifar da lernejo da taimakon -ej- mai nuna wuri. Daga kulle muka samo makulli, su kuma daga ŝlosi suka samo ŝlosilo, domin -il- kayan aiki yake nunawa. Mai sana'a yana ɗaukar -ist-, shi ya sa kudri (ɗinka) ya ba da kudristo, wato maɗinki. Abin da ma- ɗaya take yi mana a wurare uku, Esperanto ya raba shi ga ɗafi uku. Hatta bambancin ci da ciyar da, ko zauna da zaunar da, yana nan a -ig-: manĝi da manĝigi, sidi da sidigi. Akwai kuma mal- da ke juya ma'ana, ta yadda wanda ya san granda (babba) ya riga ya san malgranda (ƙarami), kuma kalmar asibiti, malsanulejo, idan aka warware ta gaɓa-gaɓa tana nufin wurin mutanen da ba su da lafiya.

Sai dai ta Turanci na bi darussan, kamar yadda ɗan Nijar zai iya bin su ta Faransanci, kuma bayanin da aka shirya domin masu waɗannan harsuna ba ya hango inda Bahaushe zai yi tuntuɓe. Wakilan suna su ne na farko: mi yana nufin ni, amma ni a Esperanto mu ne, sannan ŝi, da ake furtawa daidai da shi namu, ita yake nufi, namiji kuwa li ne. Kalmar vi ita kaɗai ta ɗauke kai da ke da ku. Haruffan harshen 28 ne, kowanne da sautinsa guda, amma c ɗinsu ya fi kusa da ts, ĉ ne c namu, j ɗinsu y ne, ĝ kuma shi ne j namu. Dole kuma a horar da baki wajen raba p da f da v, domin fino ƙarshe ne, pino wata bishiya ce, vino kuwa giyar inabi. Sauraron muryoyin shafin a kai a kai yana gyara wannan, amma ɗalibi ne zai gano matsalar da kansa.

Ƙa'idar da ta fi cin lokaci ita ce -n da ake liƙa wa karɓau. A jimlar la knabo aĉetis libron, yaro ya sayi littafi, wannan -n ce ke nuna abin da aka saya, kuma idan littattafan suna da yawa sababbi ne, sifa ma sai ta bi sahu: novajn librojn. Dacewar sifa da suna ba baƙuwa ba ce gare mu, tun da muna cewa sabon littafi da sababbin littattafai, amma alamar karɓau sabon abu ne, kuma na ji daɗin yadda atisayen shafin ke ta dawo da ita har ta zauna. Jadawalin kalmomi 45 na tambaya da nuni, irin su kie (ina), tie (can), ĉie (ko'ina) da nenie (babu ko'ina), an tsara shi da hikima, ko da yake kamanninsu da juna na rikita mai koyo a makonnin farko.

Ba na tare da masu cewa ƙa'idoji 16 sun wadatar, kuma girman sashen nahawun shafin kansa shaida ne a kan haka. Yawancin tushen kalmomin ma daga harsunan Turai aka ɗauko su, musamman dangin Latin, saboda haka wanda Hausa da Larabci kaɗai ya sani zai yi haddar da Bafaranshe ba zai yi ba. Ga mai niyyar farawa, ina ba da shawarar ya yi rajista domin shafin ya riƙa adana inda ya tsaya, ya kuma tanadi ɗan littafin rubutu inda zai jera kowane ɗafi kusa da takwaransa na Hausa tun daga darasi na farko.