Ɗaukaka ƙara a VA kan ciwon ƙafa da idon sawu: hanyar da za ka bi da wanda za ka ɗauka

Wasiƙar hukunci ta iso daga VA, ma'aikatar da ke kula da 'yan mazan jiya a Amurka, ka buɗe ka tarar an ba idon sawun da ke hana ka tsayuwa kashi 10 cikin ɗari a ma'aunin nakasar da ake biyan diyya da shi, ko ma sifili. Kafin ranka ya ɓaci, duba kwanan watan da ke saman wasiƙar. Daga ranar kana da shekara guda cif. In ka ɗaukaka ƙara a cikinta kuma ka ci, za a biya ka ariyas tun daga ranar da aka fara lissafa maka. In ka bari ta wuce, yawanci daga sabuwar rana za a kama lissafi, kuɗin baya sun bi ruwa. Wannan ya shafi duk ɗan'uwanmu da ya yi sojan Amurka, yana Bronx ne ko ya koma Kano ko Kumasi, domin komawa gida ba ya yanke diyyar, ba ya kuma tsayar da wa'adin.

Tun 19 ga Fabrairu 2019 hanyoyi uku ne a gabanka: ƙarin hujja, bitar babban jami'i, da zuwa gaban alƙali. Sai dai ba ka iya zaɓa sai ka san inda aka tauye ka, kuma a harkar ƙafa tauyewar a ma'auni take.

Idon sawu mai lafiya yana ɗaga ƙafa sama wajen ƙwauri har digiri 20, yana danna ta ƙasa, kamar mai taka totur, har digiri 45. A lamba 5271 ta jadawalin VA mai ba kowane ciwo kasonsa, bayan gyaran da ya fara aiki a Fabrairu 2021, kashi 10 na wanda ɗagawarsa ba ta kai digiri 15 ba ne, ko dannawarsa ba ta kai 30 ba. Kashi 20 kuwa sai ɗagawa ta gaza digiri 5 ko dannawa ta gaza 10. Nan lambar ta ƙare. Sama da haka sai gaɓar ta sandare ƙam, a koma lamba 5270 mai kashi 20, 30 ko 40. Akwai kuma sashe na 4.59 na ƙa'idojin jadawalin da ake yawan tsallakewa: gaɓar da ke zafi idan ta motsa ta cancanci mafi ƙarancin kason da ake biya, ko da ma'aunin ya yi kyau. Wanda likita ya rubuta masa zafi aka kuma ba shi sifili, yana da magana.

Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, lamba 5276, shi ne mai tsoka. In takalmin asibiti ko abin sawa cikin takalmi ya kwantar da ciwon, sifili ne. Matsakaici kashi 10, ƙafa ɗaya ko biyu. Mai tsanani, wato tafi ya karkace a fili, yana kumbura in an yi aiki da shi, ga kanta ta fito, kashi 20 ga ƙafa ɗaya, 30 ga biyu. Mataki na ƙarshe, inda tafin ba ya taɓuwa saboda zafi, agara tana ɗaurewa, takalmin asibiti kuma bai tsinana komai ba, 30 ga ɗaya, 50 ga biyu. Ciwon dunduniyar nan mai suka a takun farko na asuba yana lamba 5269: kashi 10 ne, sai in magani da tiyata duka sun kasa, sannan ya zama 20 ko 30. Sauran raunukan ƙafa suna lamba 5284, daga 10 zuwa 30. Kada ka sa rai a biya ka sau biyu kan zafi ɗaya don yana da suna biyu, doka ta hana.

Hanyar da ta fi dacewa da yawancin masu ciwon ƙafa ita ce ta ƙarin hujja, wadda ake kira Supplemental Claim, da fom 20-0995. Dalili a fili yake. Ƙananan kason ƙafa galibinsu daga gwajin likita na minti goma sha biyar suke fitowa, ranar da ciwon ya ɗan lafa. Babu yadda za a gyara takardar da ba ta da abin da ake nema sai an ƙara mata shi, kuma wannan hanyar ce ke karɓar sabuwar hujja ba tare da dogon layi ba. A nan ne kuma nauyin taimaka maka yake wuyan VA: za ta nemo takardun asibitin da ka ambata in ka sa hannu a fom 21-4142, tana kuma iya tura ka sabon gwaji. Burin da ta sa wa kanta shi ne kwana 125. In an sake hana ka, sabuwar shekara ta buɗe, duka hanyoyin uku suna nan, ranar lissafinka ba ta motsa ba.

Sharaɗin shi ne hujjar ta zama sabuwa kuma mai alaƙa da abin da aka yanke. Sake aika takardun da ke cikin fayil ɓata lokaci ne. Nemi kwafin rahoton gwajin da aka yi maka, ka bi shi layi-layi. Shin an auna da ma'aunin kusurwa, wannan robar mai hannu biyu, ko da ido aka kimanta? An auna lokacin da kai kake motsa ƙafar da lokacin da likita ke motsa ta, kana tsaye a kanta da kana zaune, an kuma kwatanta da ɗaya ƙafar? Kotun 'yan mazan jiya ta wajabta haka a shari'ar Correia ta 2016. An sa ka maimaita motsin sau uku an sake aunawa? An ƙiyasta digirin da kake rasawa ranar da ciwon ya motsa? Shari'ar Sharp ta 2017 ta ce likita ba zai kauce wa wannan ba don kawai bai gan ka a ranar ba. Duk gurbin da ka samu, shi za ka cike: hoton ƙashi da aka ɗauka kana tsaye, rahoton likitan ƙafa mai ɗauke da digiri a rubuce, takardar da ta nuna ka sa takalmin asibiti wata da watanni babu sauƙi, da shaidar matarka ko abokin aiki a fom 21-10210. Shaida mai amfani ba ta cewa "yana shan wahala". Cewa take bayan minti ashirin a tsaye sai ya nemi kujera, da yamma igiyar takalmin hagu ba ta ɗauruwa don kumburi, ya koma yin salla a zaune tun bara.

Ranar gwajin kuma a ajiye dauriya a mota. Mu mun saba in an ce yaya jiki, mu ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da ƙafa na ci da wuta. Likitan rubutawa zai yi yadda ya ji. Faɗi daidai inda zafin ya fara a cikin motsin, kada ka cije ka kai ƙarshe, kada kuma ka ƙara gishiri, domin akwai gurbin da yake rubuta abin da ya ga bai yi daidai ba. Tafi da sandarka da takalminka da suka zaizaye ta gefe ɗaya. Kada ka kuskura ka ƙi zuwa ba da uzuri ba, ana iya watsar da buƙatar kan wannan kaɗai.

Tarko ɗaya: in hukuncin daidai ne a lokacinsa, daga baya ne ƙafar ta ƙara lalacewa, neman ƙari za ka yi da fom 21-526EZ. Haka in ɗingishi ya jawo maka ciwon gwiwa ko baya.

Hanya ta biyu, bitar babban jami'i da fom 20-0996, ba ta karɓar ko takarda ɗaya sabuwa. Amfaninta sai kuskuren yana zaune ɓaro-ɓaro a fayil: an rubuta dannawa digiri 8 amma an ba ka kashi 10, ko an manta da ƙarin ƙafa biyu, wato ƙarin da ake yi in duka ƙafafun suna da kaso. Wannan na ƙarshen ya isa a duba. Idon sawun dama 20, na hagu 10, a lissafin VA sun ba da 28, a ƙara kashi goma na wannan ya zama 31. Haɗa da ciwon baya mai kashi 20, ka samu 45, a cike shi zuwa 50. In an manta da ƙarin, 42 ne, ya sauka 40. A farashin 2025, ga mutum shi kaɗai, bambancin dala 774.16 da dala 1,102.04 ke nan duk wata. Kiran waya ɗaya ake ba ka ka nuna shafin, shi ke nan.

Hanya ta uku, gaban alƙalin Hukumar Ɗaukaka Ƙara da fom 10182, mafi saurin layinta shekara guda ne a buri, mai zaman sauraro kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. A bar ta sai sauran sun ƙi.

Saura wanda zai riƙe maka. Wakilin ƙungiyar 'yan mazan jiya, irin su DAV, VFW da American Legion, ko na ofishin gundumarka, kyauta yake aiki, fom 21-22 kawai za ka cike. Aibinsa yawan jama'a, sai ka riƙa bibiya. Ga kaso na ƙafa, ya wadatar. Lauya ko wakili mai rajista da VA ba ya da ikon karɓar kuɗi sai bayan an yanke hukuncin farko, kuma yawanci daga ariyas yake yanka. Kashi 20 doka na ɗaukarsa daidai, abin da ya haura kashi 33 da sulusi tana ɗaukarsa ya yi yawa. Ya fi amfani in ariyas na shekaru ne ko magana ta doshi kotu, inda kwana 120 kacal gare ka bayan hukuncin Hukumar.

Sai 'yan ci-da-ceto, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Suna kiran kansu masu ba da shawara ko masu horarwa, tallarsu ta cika Facebook da YouTube, da alƙawarin kai ka kashi 100. Ba su da rajista, shi ya sa ba za ka taɓa ganin sun sa hannu a fom 21-22a, na naɗa lauya ko wakili mai rajista, ba. Kai za ka tura komai da sunanka, su suna bayan labule, in ta kwaɓe babu sawunsu a fayil. Kuɗinsu ba daga ariyas yake ba. Da yawansu ninki biyar na ƙarin da ka samu a wata suke caja. Ka tashi daga kashi 10 zuwa 30, wato daga dala 175.51 zuwa 537.42 a farashin 2025, sun biyo ka sama da dala 1,800 kan fom ɗin da wakilin DAV zai cike maka ko sisi bai karɓa ba. Wasu yarjejeniyoyin ma an tsara su yadda ko shekara ta zagayo ka samu ƙari da ƙoƙarin kanka, za su aiko da takardar bashi. Tun 2006 aka cire hukuncin laifi daga dokar da ta hana wannan caji, abin da ya sa suke cin karensu babu babbaka.

Mafi muni shi ne likitocinsu. Za a haɗa ka da wani ta bidiyo daga wata jiha, ya cike maka fom ɗin gwajin idon sawu da digiri 4, alhali ko taɓa ƙafarka bai yi ba. Ta yaya ake auna gaɓa ta waya? Masu duba fayil sun san waɗannan takardun, kalmomi iri ɗaya a fayil ɗari. Za su tura ka nasu gwajin, lambobi su saɓa, daga nan duk abin da ka faɗa da gaskiya ya shiga zargi. In ƙarya ta tabbata, kai ka sa hannu, kai za ka amsa. Kuma wanda ya nemi kalmar sirrinka ta shiga shafin VA, ko ta banki, wai don ya ga ranar da kuɗi suka sauka, ta nan ake iya sauya asusun da diyya ke shiga. Rufe wayar kawai.

Tantancewa ba ta cin minti biyar. Ofishin babban lauyan VA yana da shafin neman sunayen masu rajista. Rubuta sunan mutumin da kansa, ba na kamfaninsa ba, domin ɗaiɗaikun mutane ake yi wa rajistar lauya ko wakili. In bai fito ba, kada ka tura masa ko shafin farko na wasiƙar, lambar fayil ɗinka tana kai.