Sayen Bindigar Farauta Ta Hannu A Amurka: Abin Da Talla Ke Faɗa Da Abin Da Ke Zuwa Cikin Kwali

Duk wanda ya ɗauki lokaci yana bin tallan bindigogi na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, a kasuwar gwanjon intanet ta Amurka zai ɗauka babu tsohuwar bindiga a ƙasar nan. Ta kowa "kamar sabuwa" ce. Kowa "bai harba ta da yawa ba", kowa "a kulle take cikin akwatin ƙarfe tun zamanin kakansa". Ta wannan kasuwa na sayi bindigar farautar barewa, kuma ra'ayina shi ne hanyar tana aiki, ana samun kaya masu kyau, amma yawancin kalaman da masu sayarwa ke yabon kayansu da su ba su da nauyin da za a ɗora kuɗi a kai.

Abin da na fita nema Winchester 94 ce mai cin harsashi .30-30, wadda John Browning ya zana, aka fara ƙera ta a 1894. Na fi son wadda aka yi kafin 1964, domin a shekarar ne kamfanin ya sauya yadda yake ƙera ta don rage kashe kuɗi, kuma har yau na kafin sauyin sun fi daraja a wurin masu saye. Ke nan bindigar da nake nema ta haura shekara 60 a duniya. Abu mai irin wannan shekaru dole ya nuna alamar hannu, kuma ban ƙi hakan ba. Abin da nake so kawai a gaya mini alamun.

Tsarin sayen kansa ba ni da ƙorafi a kai. Tun dokar 1968, bindigar da aka saya daga wata jiha ba a aiko ta gidan mutum. Ana aika ta wurin dillali mai lasisin gwamnatin tarayya da ke kusa da kai, ka je ka cike fom 4473, a bincika sunanka a tsarin NICS na hukumar FBI, wanda ya fara aiki a 1998, sannan a miƙa maka. Dillalin yana cajin kuɗin hidimarsa. Wannan tsayawa a wurin dillali ita ce ta cece ni, domin nan ne wuri na farko da mutum ke ganin kayan ido da ido kafin ya sa hannu a takarda.

Ta farko da na ci a gwanjo, tallanta ya ce "mai kyau matuƙa, kashi 95 cikin 100". Hotunan sun yi kyau, ƙarfen baƙi wuluk yana sheƙi. Da aka buɗe kwalin a kan kantar dillalin, sheƙin ne ya fara ba ni tsoro. Bindigar da aka yi farauta da ita, baƙin rinin ƙarfenta yakan koɗe a tsakiyarta, daidai inda hannu ke riƙe ta in ana tafiya a daji, da kuma kan gefuna masu kaifi. Wannan ko'ina baƙinta ɗaya. Na shafa gefen da yatsa, na ji kaifin ya tafi, ya zama a dunƙule. Rubutun kamfani da ke kan bututun ya dushe, wasu haruffan rabinsu ya ɓace. Ramukan notuna kuma sun yi kwari a kewayensu. Duk waɗannan alamun injin goge ƙarfe ne: an kankare ta an sake rina ta. A gefen hagu, wanda babu hotonsa na kusa a tallan, ga ramuka da aka huda aka toshe da ƙananan notuna. Tsofaffin irin wannan bindiga ta sama suke fitar da kwankon harsashi, shi ya sa masu son ɗora madubin saiti suke huda gefenta. Ba laifi ba ne wani ya yi hakan da kayansa, amma yana karya mata daraja, kuma mai sayarwa ya san da haka.

Dillalin, wani dattijo mai haƙuri, ya miƙo mini 'yar tocila ya ce in leƙa cikin bututun. Tsagin nan da ke murɗe a ciki, wanda ke juya harsashi ya tafi daidai, yana nan amma ya yi laushi, kuma kusa da baki tsatsa ta ci ƙarfen ta bar ramuka kamar fuskar mai zanzana. Ban cike fom ba. Mai sayarwa ya rubuta a tallansa cewa akwai kwana 3 na dubawa ba tare da harbawa ba, al'adar da masu sayarwa da yawa ke bi, don haka aka mayar masa. Kuɗin bindigar ya dawo, kuɗin aike zuwa da komowa bai dawo ba. Da na rubuta masa dalili, amsarsa ita ce ai kashi 95 na rinin yana nan. Gaskiya ne yana nan, sai dai ba rinin masana'anta ba ne, kuma wannan lissafi na kashi cikin 100, wanda littafin farashi na Blue Book of Gun Values ya yaɗa, rinin asali yake aunawa. Bindigar da aka sake rinawa ba ta da ko kashi ɗaya na asali, komai ƙyallinta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ma'auni yana nan, ba a rasa shi ba. Ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ta daɗe da rubuta matakan bayyana lafiyar bindiga, kuma kowane mataki da ma'anarsa. Ga bindigogin zamani matakai 6 ne, daga sabuwa fil zuwa dama-dama. "Mai kyau matuƙa" a wannan tsani na nufin wadda aka ɗan taɓa kaɗan, babu tabon da ido zai kama a katako ko ƙarfe, rini cikakke in ban da baki da gefuna. "Mai kyau sosai" tana aiki daram, babu tsatsa ko ramukanta, sai ɗan ƙarce a sama. "Mai kyau" kawai tana nufin za a iya harba ta lafiya, babu abin da ya karye, babu cin tsatsar da zai hana ta aiki. Ita kuwa "dama-dama" ta sha aiki, mai yiwuwa tana buƙatar a sauya ƙananan sassa, kuma ma'aunin ya ce a faɗi hakan a cikin talla.

Sai dai akwai tsani na biyu, mai matakai 7, na bindigogin tarihi, kuma kalmomi iri ɗaya ne da ma'ana daban. A can, "mai kyau matuƙa" ita ce wadda duk sassanta na asali ne kuma fiye da kashi 80 na rininta yana nan. "Mai kyau sosai" kuwa rininta na iya zama daga kashi 30 zuwa babu. A dokar tarayya, bindigar tarihi ita ce wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan. Na sha ganin mai bindigar shekarun 1950 yana aron kalmar tsanin tarihi yana caja da farashin tsanin zamani, ba tare da ya ce wane tsani ya hau ba. Wani da gangan yake yi, wani bai ma san tsani biyu ne ba, amma asarar mai saye ɗaya ce.

Maganar "ba a harba ta da yawa ba" ma ba na ba ta muhimmanci. Bindiga ba ta da mitar da ke ƙirga harsashi, kuma wanda ya gaje ta ko ya saye ta a hannu na uku ba shi da hanyar sani. Ban da haka, ba yawan harbi ne ke kashe irin wannan bindiga ba. Damshi ne, da ajiya cikin jakar da ke riƙe laima, da sandar wanki. Winchester 94 ta baki aka fi wanke ta, kuma sandar ƙarfe in ta yi shekaru tana gugar leɓen bututun sai ta cinye shi, saiti ya lalace. Bindigar da ta yi shekara 40 a kwance ba mai, tana iya fin wadda ake fita da ita duk kaka lalacewa.

Ta biyu, wadda ke hannuna yanzu, tallanta bai da daɗin karatu ko kaɗan. Mai ita ya ce "mai kyau" ce a ma'aunin NRA na zamani, bai ƙara ba. Ya ce rinin tsakiyarta ya koɗe ya koma toka-toka, akwai ƙarce a ƙotar katako ta dama, kan noti ɗaya ya ɗan ɓaci saboda an taɓa kwance shi da abin da bai dace ba, kuma farantin gindinta ba na asali ba ne. Ya sa hoton kowane aibi daga kusa, har da tsinin biro yana nuna wurin. Ya sa hoton cikin bututu da haske ta ɗaya ƙarshen, da na lambar jikinta don in duba shekarar ƙira da kaina. Na tambaye shi ko akwai tsagewa a wuyan katako, inda yake haɗuwa da ƙarfe, domin nan ne ya fi tsagewa. Ya amsa a ranar, da sabon hoto. Da ta iso, ban ga ko abu ɗaya da bai riga ya faɗa ba. Na kai ta wurin maƙerin bindiga ya auna zaman harsashi a gurbinsa cikin bindigar, ya gwada kunama da abin tsaro, ya ce lafiya lau. Wannan kuɗin dubawa ban ga dalilin da zai sa mai sayen tsohuwar bindiga ya yi ƙyashinsa ba, tunda kusa da fuskarsa za ta tashi. A filin gwaji tana zuba harsashi inda aka nufa, a tazarar da ake harbin barewa a cikin kurmi.

Ita kasuwar da na bi, yabona gare ta yana da iyaka. Ta tara kaya da yawa wuri guda, tana nuna tarihin mai sayarwa da abin da waɗanda suka saya a hannunsa suka ce, kuma wannan yana taimakawa. Amma ta bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama a gurbin bayanin lafiyar kaya. Da za ta tilasta a faɗi wane ma'auni aka bi, ko rinin na asali ne, a kuma sa hoton cikin bututu, da rigingimu da yawa ba su taso ba. Zan sake saye ta nan, amma a hannun mai karɓar mayarwa kawai. Tallan da ya ce "yadda take haka za ka ɗauka, ba mayarwa" alhali hotunansa daga nesa aka ɗauka, ba na ko taya shi.