Sharhi kan fim ɗin C'est Si Bon: waƙoƙin sun fi soyayyar ƙarfi

Fim ɗin C'est Si Bon, wanda Kim Hyun-seok ya ba da umarni kuma ya fito a Koriya ta Kudu a shekarar 2015, ya ɗauki sunansa ne daga wani zauren kiɗa da ya yi tashe a unguwar Mugyo-dong ta birnin Seoul a ƙarshen shekarun 1960, inda ɗalibai ke taruwa don sauraron samari masu rera waƙa da gita. A nan ne Song Chang-sik da Yoon Hyung-joo suka haɗu suka kafa ƙungiyar Twin Folio. Mai kallo kada ya sa ran jin ganguna ko kiɗan gargajiya, domin salon wancan zamani ya samo asali ne daga mawaƙan Amurka da Turai, kuma da dama daga cikin waƙoƙin na waje ne aka sanya musu kalmomin Koriya.

Rabin farko ya ƙayatar da ni ƙwarai. Kang Ha-neul da Jo Bok-rae sun fito a matsayin mawaƙan biyu, ɗaya ɗan gata mai karatun likita, ɗayan kuma talaka mai muryar da ke cika ɗaki, kuma gasar da ke tsakaninsu, wadda sannu a hankali ta rikiɗe ta zama abota, ita ce mafi daɗin kallo. Duk lokacin da muryoyinsu suka haɗu, ko wanda bai san yaren ba zai gane dalilin da ya sa dattawan Koriya ke kewar wancan lokaci.

Sai dai marubucin ya ƙirƙiro mawaƙi na uku, Oh Geun-tae, wanda Jung Woo ya taka rawarsa, ya kuma ɗora nauyin labarin a kan son da yake yi wa Min Ja-young, wadda Han Hyo-joo ta fito a matsayinta. A nan ne na fara gajiya. Kamen da gwamnatin Park Chung-hee ta yi wa mawaƙa a shekarar 1975 bisa zargin shan tabar wiwi ya durƙusar da wannan salon waƙa, ya kuma raba fitattun mutane da sana'arsu tsawon shekaru, amma fim ɗin ya mayar da wannan babban al'amari dalilin sadaukarwar masoyi kawai.

Da labarin ya tsallaka Amurka bayan shekaru masu yawa, Kim Yoon-seok da Kim Hee-ae suka karɓi matsayin masoyan da suka manyanta. Ƙwarewarsu ba abin musu ba ce, amma hawayen sun yi yawa, waƙar kuma ta ragu. Ina ba masu son kiɗa shawarar su kalle shi, su ƙara sautin sosai a sa'ar farko, sannan su yi haƙuri da sauran.