Na'urar GPS ta hannu ko wayar aljihu: wacce ta fi a farautar ajiya?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara sha'awar wasan nan na Geocaching, wanda wani ke ɓoye ɗan akwati ya wallafa lambobin da ke nuna wurin a taswira, sauran mutane su bi sawu har su gano shi, kana kuma tambaya ko sai ka sayi na'urar GPS ta hannu ko wayarka ta wadatar. Shawarata ita ce ka fara da wayarka. In daga baya ka ga dalilin sayen na'ura, to ya zamana juriyarta ce ta ja ka, domin babu ɗaya a cikinsu da za ta ɗora hannunka a kan akwatin.

Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Waya da na'ura duk taurarin ɗan'adam ɗaya suke saurare, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, kuma kowacce sai ta kama aƙalla huɗu kafin ta san inda kake. Kafin watan Mayun 2000, gwamnatin Amurka da gangan take dagula siginar da farar hula ke samu, har kuskuren yakan kai mita 100. Bayan an cire wannan takunkumi, sai a ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a wani daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin, daga nan wasan ya samo asali. A yau in kana fili, sama a buɗe, duka biyun sukan kai ka tsakanin mita 3 zuwa 5 daga wurin da ka nufa. Sai dai ka tuna shi ma mai ajiyar da nasa kuskuren ya ɗauki lambobin. In nasa ya haɗu da naka, kana iya tsayawa inda allo ya nuna saura mita sifili alhali akwatin na can taku goma a bayanka.

Saboda haka da zarar ka ga saura mita goma, kibiya ta fara rawa tana nuna gabas tana nuna yamma, sa na'urar a aljihu ka buɗe ido. Dubi ƙiraren da aka jera a gindin bishiya, jerin da iska ba za ta yi ba. Dubi dutsen da launinsa ya bambanta da na kewayensa, ko kogon itace, ko ƙarƙashin wani ƙarfe inda za a iya manna ɗan mazubi mai maganaɗisu wanda bai wuce kan yatsa ba. Ka tambayi kanka: da ni ne, ina zan sa? Kada ka yi tono, dokar wasan ta hana binne ajiya.

A cikin duhuwar bishiyoyi ko tsakanin dogayen gine-gine, sigina na bugun bango ta dawo, sai lissafi ya karkace. A irin wannan wuri na'ura mai eriya mai kyau takan fi waya natsuwa, amma tazarar ta ragu sosai tunda wasu sabbin wayoyi suka fara kama siginar taurarin a zango biyu, waɗanda ake kira L1 da L5. Kowacce ka riƙe, in tana da zaɓin haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha ko Galileo na Turai, kunna shi.

Wajen sauƙi kam waya ta yi gaba. Cikin daƙiƙu take gano inda kake, saboda sabis na taimaka mata da bayanin taurarin, ita kuwa na'urar da ta daɗe a kashe takan ɗauki mintuna. A manhajar wasan kana ganin bayanin ajiyar, da alamar da mai ita ya bari, da rahoton waɗanda suka je kafin kai. Wannan rahoton ka riƙa karanta shi: in mutane da dama a jere sun ce ba su samu ba, wataƙila akwatin ya ɓace ne. A yawancin na'urori sai ka sauke fayil ɗin GPX, mai ɗauke da bayanin ajiyar, ka tura ta kwamfuta tun daga gida. Kuma kada wani ya ce maka GPS ɗin waya ba ya aiki in babu sabis. Yana aiki sarai. Taswira ce ke buƙatar data, don haka sauke ta kafin ka fita.

To ina na'ura ta fi? Batir. Ƙananan na'urorin eTrex 22x da 32x na kamfanin Garmin batir biyu na AA suke ci, kamfanin kuma ya ce suna kaiwa kimanin awa 25, in sun mutu ka canza wasu nan take. Waya kuwa in allonta na kunne tana bin taurari, kafin yamma ta fara kukan caji. Wannan ne ya fi damuna, domin wayar nan ita ce hanyarka ta neman taimako in ka gurɗe ƙafa ko ka ɓata. Ban ga hikimar ƙarar da cajinta a kan neman akwati a wurin da babu kowa ba. Bayan haka, yawancin na'urorin suna da matakin IPX7, wato suna jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30, allonsu ƙara fitowa yake a cikin rana, madanninsu kuma na aiki ko hannunka a jiƙe yake.

In za ka saya, duba ko tana da kamfas na lantarki. eTrex 22x ba ta da shi, 32x na da shi. Wadda babu, sai kana tafiya take gane inda ka fuskanta, kana tsayawa kibiyar ta rikice. Waya na da kamfas, amma ƙarfe na ruɗa shi, sai ka riƙa juya ta a iska kamar kana zana lamba 8 don ya daidaita.

Akwai tarko ɗaya da ya fi kama masu na'ura, tunda su ne ke shigar da lambobi da hannu. Shafin Geocaching.com na amfani da tsarin auna wuri mai suna WGS84, yana rubuta digiri da minti da ɗigon minti. In aka ba ka 12° 30.500' ka shigar da shi a matsayin digiri 12.30500, ka kauce da fiye da kilomita 22. Lambar ƙarshe ɗaya kacal a mintin ma kusan mita 2 ce a ƙasa. Ka daidaita tsarin na'urarka da na shafin, ka karanta lambobin sau biyu.

Kowace ajiya ana ba ta maki da alamar tauraro daga 1 zuwa 5, na wuyar ganowa da na wuyar hanya, su za su yanke maka hukunci. In hanyoyin da kake bi ba su wuce tauraro 2 ba, wayarka da ɗan fawa-banki sun ishe ka. Ranar da ka fara wuni a daji ko hawan duwatsu masu tauraro 3 zuwa sama, sayi na'urar, ka bar waya a jaka da cajinta. Kowacce ka ɗauka, ka adana lambobin inda ka ajiye abin hawanka kafin ka shiga daji, ka kuma tafi da biro, domin ƙananan ajiyoyi takardar sa hannu kawai ke cikinsu.